Ɗaya Zuwa Biyar

Ruwan Agustan bana irin na waccan shekarar ne sak. Ba ya zubowa da ƙarfi ya wuce mutum ya huta. Yayyafi ne mai naci, ya fara tun da sassafe, ya kai yamma yana ɗiga daga bakin kwano, wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba. Da aka ba mu dogon hutu a makarantar da nake koyar da kwamfuta a Kafanchan, sai na hau mota zuwa Kwoi, daga nan ɗan acaba ya ƙarasa da ni ƙauyenmu, wandona jajur da laka. Na tarar da gida a rufe, amma na san inda zan same su.

A gonar citta na iske ƙanwata Bilhatu a durƙushe, ta yafa buhun taki a baya saboda ruwa, tana cirar ciyawa da hannu. 'Yarta Keziya, wadda ta gama sakandare bana, tana gefenta. Ko gaisuwa ba mu gama ba Keziya ta ruga bukkar gona, ta dawo da waya a hannu ɗaya, wani tsohon littafin rubutu a ɗaya hannun.

"Kawu, Allah ne ya kawo ka. Zo ka raba mana gardama, kwana uku ke nan muna yi da Momi."

Ashe jarrabawar satifiket ɗin masu fara koyon rubuta wa kwamfuta umarni take shiri, irin wadda ni da uwarta muka zauna a dā. Uwar ta tono mata littafinta daga ƙasan akwati. Keziya ta buɗe min wani shafi da ya yi rawaya, ga abin da ke rubuce:

for i in range(1, 5):
    print(i)

Ga wanda bai san harkar ba, umarni ne ake ba kwamfuta: ki yi ƙirga, ki tashi daga ɗaya ki nufi biyar, duk lambar da kika taka ki nuna ta a allo. Tambayar jarrabawa kuwa kullum ɗaya ce, me zai fito? A ƙarƙashin umarnin akwai amsa da shuɗin biro, ƙananan rubutun Bilhatu: 1, 2, 3, 4. A gabansu kuma ga wani ƙaton 5 da jan biro, har an zagaye shi. Ban buƙaci a gaya min hannun wane ne ba.

Keziya ta ce, "Na gwada a waya, a huɗu yake tsayawa. Momi ta ce wai wayar ce ba ta da kai, tunda kai ka sa biyar ɗin da hannunka."

Bilhatu ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Gaya mata, Yaya. Yaran yanzu sun fi yarda da waya a kan mutum."

Na karɓi littafin, na zuba wa jan biyar ɗin nan ido a cikin ruwan nan.

Shekara goma ke nan, ko da ɗoriya kaɗan. Baba ya riga ya rasu a lokacin, gona ta dawo hannunmu. Ni ina taimakawa a firamaren ƙauye, kuma ni ne mai koyar da mawaƙan coci, abin da ya sa nake jin kaina wani ne. Bilhatu ta dawo gida da Keziya bayan rasuwar mijinta. Ta gama kwalejin horon malamai, lissafi ta karanta, amma takardar tana cikin akwati ita tana gona. Wata Lahadi Fasto ya yi sanarwa: wata sakandare a Kafanchan ta sami kwamfutoci, tana neman malamai biyu, sharaɗin kawai mutum ya kawo wannan satifiket. Ƙungiyar matasa ta gunduma za ta yi wa mutum biyu rajista daga cocinmu, sau ɗaya tak. Aka zaɓe ni da Bilhatu. Jarrabawa Asabar ta ƙarshe a watan Agusta.

A ranar, muna dawowa daga sujada, Bilhatu ta ce min, "Yaya, in Ubangiji ya yarda na samu, Keziya ba za ta san ciwon bayan cirar ciyawa ba." Tun da ta dawo gida ban ji ta yi maganar gobe ba sai ran nan.

Kayan karatunmu takardu ne da aka yi wa hoto daga wani hoton, gefensu baƙi ƙirin, wasu layuka sun narke. Shafukan amsoshi na baya babu su kwata-kwata. Ga shi guguwar farkon damina ta ƙone tiransifomar unguwarmu, ba mu sake ganin wuta ba har kaka. Kwamfuta mafi kusa tana Kafanchan, wayoyinmu kuwa na kira ne da tocila kawai. Saboda haka mu muka zama kwamfutar. Mu karanta umarni layi-layi, mu bi shi da yatsa, mu rubuta abin da muke zaton zai fito.

Da Mama ta ji cewa sunan yaren da muke koyo Python, ma'anarsa mesa, sai ta ajiye muciya ta dube mu. "Yaren maciji za ku koya min a gida? Duk yarukan da Allah ya yi ba su ishe ku ba?" Sai da Fasto da kansa ya ce mata ba komai kafin ta bar mu mu ajiye takardun a ɗakinta, inda rufi ba ya yoyo.

Citta ba ta san da jarrabawa ba. A watan Afrilu muka kafce ƙasa da garma har tafin hannuna ya yi ƙanta, muka kakkarya iri gutsure-gutsure, kowanne da idonsa, muka binne. Daga nan sai rufi, wanda shi ne aikin da na fi tsana a duniya. Ka hau dutse ka sassare ganye, ka ɗaure dami, ka ɗora a ka ka sauko, ka shimfiɗa a kan shuka don kada rana ta dafa irin a ƙasa. Ka koma, ka sake. Tururuwa suna bin wuyanka, zufa tana shiga ido. Bilhatu tana gaba da nata damin, tana jefo min tambaya ta bayan kai: "Yaya, in aka sa lamba a cikin alamar zance, lamba ce ko rubutu?" Ni ina haki ina ce mata ta bar ni in sauka tukuna.

Da ruwa ya kankama sai bukkar gona ta zama ajinmu. Duk lokacin da ya kore mu daga aiki, mu shige, mu fito da takardu daga cikin leda. A nan muka ci karo da layin da ya kusa sa in jefar da karatun: x = x + 1.

Na ce, "Haba! Wannan ai ƙarya ce tsagwaronta. Yaushe abu ya zama daidai da kansa da ƙarin ɗaya? Ko ɗan aji biyu ba zai yarda ba."

Bilhatu ta bi layin da yatsa. Can ta ɗauko ƙwaryar shan ruwa, ta zana mata x da gawayi, ta zuba gutsuren citta uku a ciki. Ta ce, "Yaya, alamar nan a yaren nan ba cewa take yi daidai suke ba. Cewa take yi, zuba a ciki. Duba abin da ke cikin ƙwarya, ƙara ɗaya, mayar cikin ƙwarya." Ta jefa gutsure ɗaya. "Yanzu nawa ne x?" Na ce huɗu. Ta ce, "To ina ƙaryar?"

Daga ranar ƙoren Mama suka shiga uku. Akwai x, akwai y, akwai wata tsohuwa mai tsaga da muke tara jimla a ciki. Wata rana Mama ta kawo mana abinci gona ta tsaya tana kallon Bilhatu tana bi da ni ta cikin wani umarni mai tsawo. Mama kuwa Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, da yarenmu ta fi sakewa. Ta ce, "Ishaya, yarinyan nan ya fi ka kai." Muka yi dariya duka. Amma maganar ta zauna min a ƙirji, ba ta sauka ba.

Ƙarshen Yuli rumbu ya nuna gindinsa. Wanda bai yi noman citta ba ba zai gane wannan yunwa ba. Gona kore shar, dukiya tana kwance a ƙasa, amma ba ta ciyuwa, kuma ba ta isa haƙa ba sai an shiga kaka. Faten acca ya koma ruwa-ruwa, yakuwa ta fi tsakin yawa, tsaminta har cikin haƙori. Gwaza bai nuna ba. Itace duk a jiƙe, hayaƙi ya cika madafi Mama tana hura wuta tana hawaye. Da safe mu sha ruwan zafi da citta a ciki mu tafi cira, yatsu su ƙage don sanyi, ƙasa ta shige ƙarƙashin farce. Wajen tsakar rana sai ka ji gwiwa tana rawa, in ka miƙe da sauri duhu ya gilma maka.

Da masarar bayan gida ta fara nuna, ranar farko guda bakwai Mama ta karyo ta gasa. A makon muke karanta rabawa iri biyu, wadda ke ba ka kason kowa da wadda ke ba ka abin da ya yi saura. Mama ta ce ita ta ƙoshi, ƙarya take yi, mun sani. Bilhatu ta jera masarar a faifai ta ce, "Bakwai a raba biyu, uku-uku. Saura ɗaya." Ta miƙa wa Keziya sauran, sannan ta zare ɗaya daga nata ta tura gaban Mama, ni ma kunya ta sa na zare ɗaya. Har yau in na rubuta alamar saura a allo ƙamshin masarar nan nake ji.

A cikin wannan yunwa ne muka iso kan zagaye, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta maimaita abu tana ƙirgawa. Shafin da ya yi bayaninsa yana cikin waɗanda suka narke, sai misalai kawai suka rage. Kowa ya yi nasa, muka haɗa littattafai. Ni na rubuta ɗaya zuwa biyar. Bilhatu ta tsaya a huɗu.

Na ce, "Kin manta ɗaya."

Ta ce, "Ban manta ba, Yaya. Ina ganin ba ya taɓa na ƙarshen. Ka tuna yaren nan daga sifiri yake fara ƙirga. Ga misali nan a shafin baya, jerin abu biyar, an ce a zagaya da biyar. Sifiri, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sun cika biyar. In ya taka biyar ɗin sun zama shida, alhali abu biyar ne a jerin."

Ta ga ban gamsu ba, sai ta nuna min waje ta ƙofar bukka. Akwai duwatsu da Baba ya jera a gefen gona, na ƙarshensu shi ne iyakarmu da gonar maƙwabci. Ta ce, "In Baba ya ce a shuka daga dutsen farko zuwa na biyar, kana shuka a kan na biyar? Iyaka ne. Ka kai gare shi, ka tsaya."

Gaskiya maganar ta shige ni. Amma muryar Mama ta dawo min, yarinyan nan ya fi ka kai, sai na ji wani abu ya taso min. Na ce, "Bilhatu, ke da kika girma a coci? In Fasto ya ce a buɗe a karanta aya ɗaya zuwa biyar, a huɗu ake rufe Littafi? In na ce wa mawaƙa baiti ɗaya zuwa biyar, kin taɓa ganin sun zauna bayan na huɗu? Ɗaya zuwa biyar, ɗaya zuwa biyar ne a ko'ina cikin duniya." Na zaro jan biron da nake duba aikin 'yan firamare da shi, na danna mata 5, na zagaye.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "To, Yaya. Kai ka fi ni sani."

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma bakina ba ya riƙe labari mai daɗi. A wajen koyon waƙa na ranar Alhamis na ba mawaƙa labarin, har da kwaikwayon muryarta. Aka yi ta dariya. Ran Lahadi da na ɗaga hannu na ce baiti ɗaya zuwa biyar, wani daga layin maza ya ce ƙasa-ƙasa, "Ban da Bilhatu, ita a huɗu za ta sauka." Shi ke nan suna ya kama ta. Huɗu. Har yau tsofaffin mawaƙa da shi suke kiranta, wasu ma sun manta mafarinsa. Ita kuwa murmushi kawai take yi. Ta koma ta bi littafinta kaf, duk inda zagaye ya fito ta ƙara lambar ƙarshe.

Ranar Laraba, saura kwana uku jarrabawa, na je Kafanchan karɓo mana takardun shiga. Rafi ya cinye hanya, sai da muka sauka muka tura mashin. Da na gama, na bi ta wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa, janareta yana ta ƙara a ƙofa. Na roƙi matar da ke kula da wurin ta bar ni in taɓa na minti goma, don kada ranar jarrabawa ta zama ranar da na fara ganin yaren nan a allo. Ta buɗe min. Da yatsa ɗaya na buga layuka biyun nan, ina murmushi, don so nake in koma gida in ce na gani da idona.

Allo ya nuna 1, 2, 3, 4. Ya tsaya.

Na jira biyar ya fito. Na sake bugawa. Na canja lambar ƙarshe zuwa goma, ya tsaya a tara. Na ce wa matar ko injin nata yana da matsala. Ta leƙo ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, Oga. Haka yake, ba ya taɓa na ƙarshen." Kalmomin Bilhatu ne, ko ɗaya ba ta canja ba.

Allah ya sani, a kan mashin ɗin komawa na shirya maganar. Zan shiga in ce, Bilhatu, ke ce da gaskiya, ɗauko littafi mu gyara. Minti biyar ya isa. Amma da na iso na tarar da matan zumunta na coci sun kawo wa Mama ziyara, ɗaki cike, Mama tana ce musu Ishaya ne ke koya wa ƙanwarsa. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Ina Huɗu? Ta iya ƙirga yanzu?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na ce a raina, gobe a gona.

Ranar Alhamis gayya muka yi, mutum kusan ashirin a gonarmu, rabinsu mawaƙa. Na ce in na faɗa a nan, kafin yamma sunan ya dawo kaina. Ranar Juma'a mu biyu ne kawai a bukka, ruwa yana zuba, ba kowa. Ta ce, "Yaya, akwai abin da ya rage mu sake dubawa?" Na buɗe baki. Na ji kaina ina cewa mu sake bin rabawa da saura. Har yanzu ban san wane ne ya yi wannan magana da bakina ba, amma ba wani ba ne, ni ne. Ranar Asabar a mota tana gefena, ta riƙe ledar takardunta a cinya tana addu'a a hankali. Na ce a raina, wataƙila ma ba zai fito ba.

Ya fito. Na ƙirga tambayoyi shida da suka rataya a kansa. Kowacce kuma an ajiye amsoshin biyu a jere, mai tsayawa kafin iyaka da mai taka ta, don masu shirya jarrabawa sun san inda mutane ke faɗuwa. Ni na zaɓi daidai duk shidan. Bilhatu tana layi biyu a gabana, ina hango ɗankwalinta mai ruwan ganye, kanta a sunkuye.

Da muka fito ta kamo hannuna tana dariya, rabon da in ga haƙoranta haka tun mijinta yana da rai. Ta ce, "Yaya, Allah ya sāka maka. Ka ga yadda zagayen nan ya yi ta fitowa? Da ba ka gyara min ba da na zubar da su duka." Na saya mata gasasshiyar masara a tasha, na kasa cin tawa.

Sakamako ya zo ta hannun Fasto a watan Satumba. Na ci. Bilhatu ta gaza da abin da bai wuce tambaya biyu ba. Ta karanta takardar, ta ninke ta, ta ce, "Ba komai. Kaina ne ya tsufa, gona ta cinye shi." Mama ta dubi Bilhatu wani irin kallo, irin na wanda ya yi zaton abu ya ga ba haka ba. Ba ta sake cewa yarinyan nan ya fi ni kai ba har ta tafi wurin Ubangiji shekara huɗu da suka wuce.

Da ma gurbi ɗaya ne a makarantar, da na ce son kai ne ya sa ni, in san sunan zunubina. Gurbi biyu ne. Na biyun wani baƙo aka ba, bai yi shekara biyu ba ya tafi. Ban ci komai da shiruna ba, sai dai ba a yi min dariya a wajen koyon waƙa ba. Abin da na sayar da ƙanwata a kansa ke nan, kuma yana cina har yau.

Kaka ta zo, muka haƙe citta, ta yi kyau a shekarar. Ban tsaya an gama tsagawa da shanya ba, na tattara na koma Kafanchan. Bilhatu ta zauna. Ta ga shekarun da citta ta yi daraja, ta ga shekarar da ta ruɓe a ƙasa gona ta yi ta wari. Ni kuwa kowace shekara in na zo kan zagaye, sai in zana duwatsu biyar a allo, in ce wa yara na ƙarshen iyakar maƙwabci ne, ka kai gare shi ka tsaya. Ba yaron da ya taɓa mantawa. Malam Iyaka suke kirana a bayan ido, har wasu malamai sun ari misalin. Ban taɓa cewa ga mai shi ba.

Duk wannan ya bi ta kaina ina tsaye a bakin gona da littafin a hannu, yayyafi yana ɗiga a kan jan biron. Abin da ya kai ni Kafanchan a kan mashin, na tsallake rafi kafin in gani, Keziya ta gan shi a tafin hannunta tana zaune a bukka. Ga ta nan yanzu a gabana tana jiran amsata. Na ga hanyar tsira a buɗe: in ce ai yaren ne aka canja daga baya, ko in ce kuskure ne na dā wanda ban lura ba. Da sun yarda.

Na ce, "Wayar ce da gaskiya, Keziya. A huɗu yake tsayawa. Abin da uwarki ta rubuta da farko shi ne daidai."

Hannun Bilhatu ya tsaya a cikin ciyawa. Ta ɗago a hankali.

"Wato nawa daidai ne?"

"Daidai ne. Da duwatsun Baba da komai. Da su nake koyarwa."

Ta ɗan yi dariya, ta girgiza kai. "Ikon Allah. To ai ba laifinka ba ne, Yaya, ba mu da inda za mu gwada. Yaushe ka gano?"

Da na yi shiru da ta bar shi a haka, don Bilhatu ba ta tonon magana. Na ce, "Ranar Laraba. Da na je karɓo takardun shiga."

Na ga tana lissafi, ita da lissafi ba ya mata wuya. Laraba, Alhamis, Juma'a, da safiyar Asabar a mota. Dariyar ta bar fuskarta. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta miƙa hannu Keziya ta karɓi littafin daga wurina ta ba ta.

Ta ce, "Goge biyar ɗin nan."

Keziya ta ce, "Momi, biro ne, ba ya goguwa."

Sai Bilhatu ta dangwali jar laka da babban yatsa, ta danna a kan biyar ɗin, ta murza har ya ɓace. Ta mayar wa 'yarta littafin ta ce ta kai bukka kada ya jiƙe.

Na ce, "Bilhatu, ki gafarce ni. Ran Lahadi zan tsaya gaban mawaƙa in faɗa da bakina. A daina kiranki da sunan nan."

Ta ce, "Sunan bai dame ni ba, Yaya, na saba. Mama nake so ta ji."

Ta gyara buhun da ke bayanta ta koma cira. Ban san abin da zan yi da jikina ba, sai na tuɓe takalmi na durƙusa a layin da ke kusa da nata, na kai hannu cikin ganye.

Ba ta dube ni ba ta ce, "Bari, Yaya. Hannunka ya manta, za ka tuge min citta."